IRI A HANNUN WA? JAWABI A KAN MASARAR TELA DA ABINCIN ƘASA



Duk wanda ya taɓa kwana a bakin hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi ta Mutum Biyu da Ɗan Anaca zuwa Wukari, ba ya bukatar a gaya masa irin ciyar da ƙasar nan da Jihar Taraba take yi. Tun daga kaka har faɗuwar ruwan fari manyan motoci ba su yankewa, wannan da doya, waccan da masara, wata da shinkafa ko riɗi ko waken soya, suna gangarawa ta Zaki Biyam da Katsina-Ala su nufi Inugu da Anaca da Fatakwal da Ikko. Hatsin da ɗan Arewa yake aunawa a Mile 12, ko a Bodija ta Badun, sau da yawa daga can ya fito, kuma kuɗin da yake aikawa gida da damina sau da yawa a kan iri da taki suke ƙarewa. Saboda haka batun sabon irin nan da ake ta jayayya a kansa ya shafi mazaunin Kurmi ta fuska biyu, watau a matsayinsa na mai sayar da abinci, da kuma a matsayinsa na ɗan manomi.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi. Tun kaka da kakanni manomi yana gyara irinsa. Idan kaka ta yi sai ya zaɓi zangarniyar dawa wadda ta fi cika ido, da goyon masarar da ya fi ƙiba, ya rataye su inda hayaƙin madafa zai riƙa bugunsu; wake kuwa uwargida ta cuɗanya shi da toka ta liƙe a tulu. Masanan Samaru ma aikin da suka daɗe suna yi ke nan, sai dai su da ilmin zamani, suna haɗa wannan dawa da waccan har su sami wadda take nuna da wuri. Duk wannan aure ne a tsakanin dangi. Abin da ya zo sabo shi ne a ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam a dasa ta a cikin shuka. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, ana taƙaita sunanta da Bt, wadda take fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa. Sai masana suka ciro ƙwayar gadon da ke yin wannan aiki suka sa ta a cikin auduga da wake da masara, ta yadda shukar da kanta za ta riƙa yin maganin a jikinta. Wannan shi ne irin da aka sauya wa halitta, wanda Turawa ke kira GMO a taƙaice.

A Nijeriya an buɗe masa ƙofa ne a cikin watan Afrilu na 2015, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar NBMA, mai alhakin ba da izni a kan irin wannan iri. Shekara ɗaya bayan haka, a cikin watan Mayu na 2016, hukumar ta ba kamfanin Monsanto na Amurka iznin fito da audugar Bt da kuma gwada masara a killataccen wuri. Ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara, amma a 2018 kotun tarayya ta Abuja ta kori ƙarar bisa ga cewa an makara wajen shigar da ita, ba tare da an tsaya an auna ainihin maganar ba. A wannan shekara aka saki audugar ga manoma. A watan Disamba na 2019 aka saki wake mai suna SAMPEA 20-T, aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Sa'an nan a watan Janairu na 2024 aka saki masara kala huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda aka yi wa laƙabi da TELA. Ba telan ɗinki ake nufi ba, sunan daga wata kalmar Latin aka yanko shi mai ma'anar kariya. Da hayaniya ta yi yawa, a watan Mayu na 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har a yi bincike, kuma a watan Nuwamba na shekarar ta zauna ta saurari ɓangarorin biyu.

Adalci ne a faɗi hujjar masu goyon baya, domin ba hujjar banza ba ce. Tsutsar da ke huda kwanson wake tana iya cinye mafi yawan gona, har manomi ya yi feshi sau shida ko takwas a damina ɗaya, alhali masanan Samaru sun ce da sabon waken sau biyu ya isa. Tsutsar masara kuwa, wadda ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, babu manomin Bali ko Gashaka da bai san ɓarnarta ba. Kuma 'yan kasuwar wake ba su manta ba cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Waɗanda suka yi wannan aiki a Zariya 'ya'yan ƙasar nan ne, masu ilmi, ba wanda ya isa ya kira su maciya amana.

Haka kuma akwai maganganun da ake yawo da su a tasha da kasuwa waɗanda ya kamata a ajiye su gefe. Ana cewa wanda ya ci wannan masara ba zai haihu ba, ana cewa ƙasar da aka shuka ta ba za ta sake fitar da komai ba. Babu binciken da ya tabbatar da haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a ga cutarwa ga lafiyar mutane ba daga irin wannan abinci a ƙasashen da suka amince da shi. Mai adawa da ya jingina da jita-jita kansa yake kayarwa, domin ranar da aka ƙaryata shi a kan ƙarama, ba za a saurare shi a kan babba ba. Babbar kuwa ita ce: idan wannan iri ya game ƙasa, a hannun wa iri zai kasance?

A dubi masarar TELA. Masara ce mai aure, watau wadda kamfanin iri yake haɗa uwa da uba a gonarsa kowace shekara ya sayar da 'ya'yan. Shukar farko tana yin kyau ƙwarai. Amma idan manomi ya ɗebi iri daga abin da ya girbe ya sake shukawa, za ta tsiro, sai dai amfaninta ya ragu, gonar ta fito wani dogo wani gajere. Dole ke nan baɗi ya koma kanti. Gaskiya ne wannan hali na kowace masara mai aure ne, ko an sauya mata halitta ko ba a sauya ba, kuma gaskiya ne waken Samaru ba haka yake ba, ana iya ajiye irinsa. To amma duk masarar TELA huɗun masu aure ne, saboda haka wanda yake son kariya daga tsutsa sai ya karɓi sayen iri na kowace shekara tare da ita, ga kuma takin zamani, wanda masara mai aure ba ta yin abin kirki sai da shi. Manomin da a da yake shiga damina da irinsa a rumbu da takin shanunsa a gona, yanzu sai ya shiga da kuɗi a hannu, in babu kuɗi kuwa da bashi. Wanda zai biya bashin nan idan ruwa ya ɗauke, sau da yawa ɗansa ne mai turin baro a Agege ko mai gadi a Fatakwal.

Ita kuma ƙwayar gadon da ke cikin masarar, mallakar kamfanin Bayer ce na Jamus, wanda ya saye Monsanto a 2018 a kan dala biliyan 63. Ya bayar da ita ne ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba, ta hannun wata gidauniya mai suna AATF da ke Nairobi. An gode. Sai dai aro aro ne, kuma mai aron riga ba ya yanke mata hannu. A ƙasashen da wannan iri ya riga ya kafu an ga yadda mai abu yake yi da abinsa. A 2013 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kan wani tsohon manomi na Jihar Indiyana mai suna Vernon Bowman, wanda ya sayi waken soya a wurin masu tara hatsi ya shuka, ta ce ya keta haƙƙin Monsanto, domin babu wanda yake da ikon sake haifar da irin kamfani ba da izninsa ba. Kada a ce wannan can ne. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri, wadda ta ba mai sabon iri ikon mallakarsa har shekara 20, kuma an tsara ta ne a kan ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1991, wadda manoman ƙasashe da yawa suke kuka da ita saboda ta ƙuntata musayar iri da sayar da shi a tsakanin maƙwabta. A ƙauyen Hausa, ko na Mumuye, ko na Jukun, wanda shukarsa ta ƙone yakan je wurin maƙwabci ne a ba shi tiya guda ya maimaita. Wannan al'ada ita ce inshorar talaka tun kafin a san kalmar.

Akwai kuma abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ana cewa wanda ba ya so kada ya saya, kowa da zaɓinsa. To masara ba ta san iyakar gona ba. Idan ta yi tuta iska ce ke kwasar garin furenta ta kai wa gemun masarar maƙwabci, kuma gonakin talakawa kadada ɗaya ne ko biyu, kunya na jingine da kunya. Wanda bai saya ba ma zai tarar da ita a cikin irinsa bayan 'yan shekaru. A kasuwa kuwa doka ta ce a sa alama a jikin irin wannan abinci domin mai saye ya sani. Wannan doka an rubuta ta ne da tunanin kantin da ake sayar da abinci a kwali. A kasuwar Mutum Biyu dillali yana zuba masarar mutum goma a buhu ɗaya, a Badun a auna ta da kongo, a Ikko a auna wake da derika, mai ƙosai ta saya ta niƙa. A jikin wanne za a liƙa takardar? Ranar da wata mata a Mile 12 ta tambayi mai wake wane iri ne wannan, ba shi da amsa, kuma idan tsoro ya shiga kasuwa, shi ne zai kwana da kayansa, ba hukuma ba.

Sa'an nan tsutsa ba ta zama wuri ɗaya. Idan aka shuka abu guda a ko'ina, 'yan kaɗan da maganin bai kashe ba su ne za su hayayyafa. A Afirka ta Kudu, kafin 2007 ta ƙare an tabbatar cewa tsutsar da ke huda karan masara ta daina jin masarar Bt ta farko. A Indiya jar tsutsar auduga ta fi ƙarfin audugar Bollgard II wajen 2015, manoma suka koma feshi bayan sun riga sun biya kuɗin iri mai tsada. Maganin da masana suka bayar shi ne kowane manomi ya bar wani yanki na gonarsa da iri na gargajiya domin tsutsa ta samu mafaka; sai a tambaya, malamin gona nawa ne a ƙaramar hukumar Karim Lamido da za su bi gona gona su tabbatar an yi haka?

Misali mafi kusa shi ne na Burkina Faso. A 2008 ta rungumi audugar Bt, har ta zama abin nuni a duk Afirka. Tsutsa ta ragu, gaskiya ne. Amma audugar Burkina da aka sani da tsawon zare sai ta koma gajera, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Kamfanonin audugar ƙasar suka nemi Monsanto ya biya su diyyar sefa biliyan 48, kuma a 2016 suka watsar da irin suka koma na da. Sun iya komawa ne domin na da ɗin yana nan. Wannan ita ce ayar da ya kamata a riƙe.

Mutanen Taraba ma sun taɓa ganin alkawarin da aka ƙulla a sama ba da su ba, ko da yake a kan ƙasa aka yi shi, ba a kan iri ba. A 2012 gwamnatin tarayya da ta jiha suka yi yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna Dominion Farms a kan kadada 30,000 a Gassol, a fadamar da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, domin ya noma shinkafa. An sa aikin a cikin shirin manyan ƙasashe takwas na ciyar da Afirka, an yi ta shelar cewa za a daina sayo shinkafa daga waje. A watan Janairu na 2015 wasu ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje suka fitar da rahoto inda manoman wurin suka ce ba a shawarce su ba, ba a biya su diyya ba, an dai ce su tashi daga gonakin da suke nomawa da wuraren da suke kamun kifi da kiwo. Shinkafar da aka yi alkawari ba ta zo ba. Wadda ake lodawa daga Gassol zuwa Kurmi, ƙananan manoman nan ne suke noma ta.

Dattawan da ke wannan taro kuma sun san labarin alkama. Kamfanin fulawa na Apapa ya fara niƙa a 1962 da alkamar waje mai araha, burodi ya shiga kowane gida, har aka wayi gari mai shayi ba shi da sana'a in babu shi. Da aka farga aka gina madatsun ruwa a Arewa domin a noma ta a gida, har aka zubar da jinin manoma a Bakolori a 1980 a kan gonakinsu. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta kasa riƙewa, ta janye a 1992. Ga shi fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci daga waje take zuwa, kuma da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, a Agege aka ji shi a farashin burodi. A shekarar ce kuma hukumar NBMA ta amince a shigo da wata alkamar Ajantina da aka sauya wa halitta. Ba wanda ya tilasta wa Nijeriya cin burodi da bindiga. Da sauƙi abin ya shigo, fitarsa ce ta gagara.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne ƙungiyar ƙananan manoma ta duniya, Via Campesina, ta fito a taron abinci na Rum a 1996 da maganar 'yancin ƙasa a kan abincinta, aka kuma ƙarfafa ta a taron Nyeleni da aka yi a Selinge ta ƙasar Mali a 2007. Ma'anarta ta wuce a ce ciki ya cika, domin ɗan kurkuku ma ana cika masa ciki. Ana nufin mutanen da ke noma da masu ci su ne za su yanke shawarar abin da za a shuka, da inda iri zai fito, da abin da za a shigo da shi. Ƙasar Meziko, wadda ita ce mahaifar masara, ta sa a cikin tsarin mulkinta a 2025 cewa ba za a shuka masarar da aka sauya wa halitta a ƙasarta ba, domin ta tsare ire-iren da kakanninta suka bar mata. Yammacin Afirka kuwa gidan wake ne, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar na biye. Abin da masara take ga Meziko, shi wake yake ga wannan yanki.

Kuma in ana neman abin da ke hana manomin Taraba arziki, ba sai an je ɗakin bincike ba. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, aka koma ƙetare motoci da kaya a kan kwale-kwale, kuɗin dako ya hau kan buhu. A watan Yuli na wannan shekara gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mazaunin birni ya ɗan huta, amma a kakar 2025 manoma suka yi ta kukan cewa kuɗin buhun masara bai kai na buhun taki ba. Ga rikicin gona da kiwo da ke korar mutane daga ƙauyukansu, ga rashin rumbun da zai tsare hatsi daga gunda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabon iri zai warkar.

Abin da ake nema a wurin hukuma bai fi ƙarfinta ba. A dakatar da sakin sabon irin da aka sauya wa halitta har sai an yi gwaji na shekaru a gonakin talakawa, a hannun masanan da ba su da rabo a cikin cinikin, a kuma buga sakamakon da Hausa da sauran harsuna. A gyara dokar 2021 a rubuta ɓaro-ɓaro cewa manomi yana da ikon ajiye iri, da musayarsa, da sayar da shi a kasuwar ƙauye. A ba Samaru kuɗin bincike daga baitulmalin ƙasa, domin wanda ke biyan kuɗin bincike shi ke zaɓar abin da za a bincika. Akwai masarar Samaru marar aure wadda take jure fari da wuta-wuta, manomi kuma yana iya ajiye irinta, ita ce ya kamata a yawaita. Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona da ke Jalingo su bi ƙauyuka su tattara doyar Zing, da masarar Mambila, da shinkafar fadamun Lau da Ibi, su adana su da sunayen da masu su suke kiransu.

Mazauna Badun za su yi mamaki in sun ji cewa a garin da suke zaune akwai manyan rumbunan iri guda biyu. Ɗaya na gwamnatin tarayya ne, NACGRAB, da aka kafa a 1987 a Moor Plantation. Ɗaya kuma na cibiyar IITA ne da ke kan hanyar Oyo, ba nisa da kasuwar Sasa, inda ake ajiye da samfurin wake wajen 15,000, tarin da babu kamarsa a duniya, da yawansu daga gonakin Arewa aka karɓo su kyauta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi suna da ikon rubuta wa waɗannan wurare su nemi a mayar wa manoman garuruwansu ire-iren da suka ɓace. Su ne kuma suka san wane wake mai ƙosai take so, wane mai alale take nema, kuma manomi abin da dillali ya tambaya shi yake shukawa. Idan sarakunan kasuwa suka sa a riƙa ware kanannado da sauran waken gida a buhunsu dabam, a kira su da sunansu, a ba su farashinsu, labari zai isa Jalingo kafin ruwan fari ya sauka. Wanda zai aika kuɗin iri gida bana kuma, ya haɗa da saƙo cewa kome za a gwada a gwada shi a gefen gona, a bar zangarniyar da ke rataye a madafa inda take.